Haƙƙin Tsattsewa a Kan Mai Gini

Duk wanda ya tsaya a gindin giginya a fadamar Haɗejiya ya ɗaga kai zai ga ganyayen ƙasa sun sunkuyo, wasu da sauran ɗanyensu, wasu sun bushe iska na kaɗa su suna kwaramniya. A idon mai gona waɗannan sun gama aiki, sai a sare su a yi danga ko a hura wuta. Amma a cikin ninkin ɗayansu wata siririyar tsuntsuwa mai launin ƙasa da doguwar wutsiya ta yi gida. Sheƙar ba ta cika tafin hannun yaro ba. Gashin tsuntsaye ne da audugar tsirrai da ta cafke a iska, ta manna su a jikin ganyen da yawunta. Da yake ganyen a rataye yake, kuma ba ya daina lilo, ƙwan da ta saka zai iya gangarowa, don haka shi ma sai ta manne shi da yawu. Galibi ƙwai biyu ne. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci a kansu a maƙale, kai sama wutsiya ƙasa, ko da hadari na jijjiga itacen.

Tsattsewar giginya ke nan, kuma tsattsewa iri-iri ce, ba duka ne dangin juna ba. Akwai mai sauka a kan wayar lantarki, wadda ke ɗebo laka a bakin ruwa ta gina ɗan ƙoƙo a jikin azarar zaure ko a kusurwar aji. Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu a kan waya ko reshe, domin ƙafafunsu gajeru ne ƙwarai, ba abin da suke iyawa sai maƙalewa a bango. Ta giginya tana cikin waɗannan. Haka ma baƙar nan mai farin tabo a ƙugu, wadda ke taruwa a ƙarƙashin gada da barandar manyan gine-gine tana manna sheƙa a jikin sheƙa, idan magariba ta kawo jiki su tashi gaba ɗaya suna tsuwa suna kewaya gari. Ƙwarin da suke ci a iska suke kamawa, ruwa a guje suke ɗiba a fuskar kogi, kayan gininsu ma a sama suke tsinta. Ba su taɓa zangarniyar kowa ba.

Akwai kuma baƙuwa. Ita a Turai da Asiya take ƙyanƙyasa, sannan ta ƙetare Sahara, ta ratsa sararin Afirka ta Yamma, da yawansu su yi zango a dazukan Kongo kafin su juya. A 2016 masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin, ƙarƙashin Anders Hedenström, suka fitar da sakamakon 'yan na'urorin da suka ɗaura wa guda 13. Wasu daga cikinsu sun yi wata 10 cur ba su sauka ba ko sau ɗaya, ci da sha da hutu duk a sama. Tsuntsuwar da nauyinta ke kusa da giram 40 ce ke wannan aiki. Abu ɗaya tak ke tilasta mata sauka: ba a saka ƙwai a iska. Tana bukatar ɗan rami a jikin bango, can sama, kuma ramin da ta samu bara shi take nema bana.

A Ingila wannan ramin ne ya yi wuya. Ƙididdigar masu lura da tsuntsaye ta nuna cewa tsakanin 1995 da 2020 tsattsewar ƙasar ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma a Disambar 2021 aka sa ta a jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron ɓacewarsu a can. Raguwar ƙwari na cikin dalilan da masana ke ambata, amma wanda ido ke gani shi ne gyaran gidaje. Tsofaffin gine-gine masu kafofi a ƙarƙashin rufi ana yi musu kwaskwarima, a liƙe ko'ina don kada sanyi ya shiga, sababbi kuwa tun farko ba a bar musu kafa ba. Tsuntsuwa ta iso a watan Mayu bayan tafiyar dubban kilomitoci, ta nufi bangon da ta saba, ta yi ta kai masa karo tana neman ƙofa, kamar ɗan ci-rani da ya dawo gida ya tarar an toshe ɗakinsa da bulo.

Dabarar da suka samo ba ta da wuya: bulo mai rami a ciki da 'yar ƙofa a gefe, a jera shi cikin bango tare da sauran. An daɗe da sanin tsattsewa na karɓar gidan da mutum ya yi mata, domin tun 1948 wani mai nazarin tsuntsaye, David Lack, ya sa akwatuna a hasumiyar gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford yana nazarin masu ƙyanƙyasa a ciki, kuma har yau ana ci gaba da wannan nazari. A 2020 hukumar birnin Brighton ta shardanta wa masu sababbin dogayen gine-gine su sa irin wannan bulo. Wata marubuciya, Hannah Bourne-Taylor, wadda ta taɓa rainon ɗan tsattsewa sa'ad da take zaune a Ghana, ta tara sa hannun mutum fiye da 100,000 masu neman a wajabta sa irin wannan bulo, har majalisar dokokin Birtaniya ta zauna a kan maganar a Yulin 2023, ko da yake gwamnatin lokacin ba ta mayar da ita doka ba.

Abin da ya kamata a riƙe a labarin Ingila shi ne babu wanda ya harbi tsattsewa. Kowa gidansa ya gyara, da kuɗinsa, don iyalinsa, kuma tsuntsuwar ta ragu da fiye da rabi.

Haɗejiya ba Ingila ba ce. Baƙuwar tsattsewar ba ta ƙyanƙyasa a nan, saboda haka wanda ya kwaikwayo akwatinta ya kafa a Auyo ko Guri ya yi wahalar banza. Amma 'yan gida suna nan, kuma ginin da suka saba da shi yana canzawa. Gidan ƙasa na da, mai tubali da azara, cike yake da wuraren da magini bai yi niyyar bar wa kowa ba: tsakanin azara da azara, gefen indararo, kusurwar soro, ga zaure da ƙofarsa ke buɗe daga asuba har dare. Gidan yau bulo ne da filasta da silin, raga a taga, fanka a sama. Ba mai hankalin da zai zargi mutanen yankin a kan haka. Wanda ya ga ruwan 2018 da na 2020 da na 2022, ya ga ɗakunan ƙasa suna narkewa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, ya ga matasan Haɗejiya suna cika buhuna da ƙasa dare da rana suna tare kogi, ya san dalilin da ya sa mai ɗan hali ke neman siminti. A dawa ma haka: giginya ana sare ta domin azararta ba ta jin tsoron gara, goriba kuwa tun tana kaba ake yanke ta a yi tabarma da igiya, da wuya a bar ta ta miƙe.

Gaskiya kuma siminti bai zama abokin gabar kowace tsattsewa ba. Baƙar mai farin ƙugu ta ci ribar gadoji da kwalbatoci da benaye a faɗin Afirka, ta samu wuraren da kakanninta ba su samu ba. Ita abin da ke raba ta da gida dogon gora ne da tsintsiya, ranar da aka ce za a yi fenti ko wani babba zai zo. Mai laka kuwa, wadda ta saba shiga zaure, raga da fanka ne suka kore ta.

Maganar takan ƙare ne cikin daƙiƙa guda a bakin aiki. Birkila na kan tsani ya ce, "Alhaji, wannan kafar ta saman bim, a toshe?" Maigida ya ce, "Toshe ta mana, kada jemagu su samu wurin zama." Babu wanda ya yi mugunta a cikinsu. Tambayar ita ce ko akwai wani na uku da ke da haƙƙi a wannan magana, wanda ba a tambaye shi ba.

Amsar farko da za a ji a bakin mutane ita ce tsuntsu na Allah ne, Shi ke ciyar da shi, ba ya jiran ɗan Adam. Maganar tana da tushe. Aya ta 19 ta Suratul Mulk tana jan hankali ga tsuntsaye a sama da Wanda ke riƙe da su, kuma duk wanda ya san labarin wata 10 a iska zai karanta ayar da wani ido. Hadisin tawakkali da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar ya kafa misali da tsuntsu mai fita da safe ciki wayam ya dawo da yamma a ƙoshe. Sai dai a cikin misalin kansa akwai dawowa, kuma ba a dawowa sai da wurin da za a dawo. Aya ta 6 ta Suratu Hud, wadda ta ɗora ciyar da kowane mai rai a kan Allah, ita ce kuma ta ambaci saninSa ga mazaunin kowanne. Sannan babu malamin da ya taɓa cewa tunda Allah ne mai ciyarwa, wanda ya toshe rijiyar gari ba shi da abin amsawa. Arziki na zuwa ta hanyar sababi, kuma mutum na iya zama sababin ko ya zama mai datse shi.

Fiƙihu ya fi yin bayani a kan dabbar da ke da mai ita. Izzuddin ɗan Abdussalam, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su: a ciyar da su ko sun tsufa ko sun yi ciwo, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, a kyautata musu makwanci, kada a yanka ɗa a gaban uwarsa. Bahaushe ya san wannan a aikace. Mai tantabara yana rataya mata tukwane da gwangwanaye a jikin katanga, mai kaji yana gina akurki. Amma tsattsewa ba ta kowa ba ce. Ba a sayenta, ba a yanka ta ranar suna, ba a biyan sadaki da ita. Wane ne za a kama da hakkinta?

Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya buɗe ƙofa biyu a nan. Laifin matar shi ne ba ta ciyar da kyanwar ba, kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba. Da ta yi ɗaya daga ciki da ta tsira. Ga dabbar dawa, ke nan, mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne a ƙyale ta. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana faffaka a kansu, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata da su. Masu tarihin Masar kuma sun kawo labarin Amru ɗan Asi: da zai tashi da runduna zuwa Iskandariyya wajen shekarar 641, aka tarar kurciya ta yi sheƙa a kan hemarsa, ya ce a bar hemar a tsaye har ta gama. A wurin ne daga baya aka kafa birnin Fusɗaɗ. Duk wanda ya ɗauki gora ya kakkaɓe sheƙu da 'ya'ya a ciki don fenti ya yi kyau, waɗannan ruwayoyi sun ishe shi hukunci, ba sai an je da nisa ba.

Inda maganar ta yi wuya shi ne wurin Alhajin nan da birkilansa. Babu sheƙa a kafar da aka toshe, babu uwa mai faffaka. Toshe kafar bangonka halal ne, kuma ba wanda ya isa ya haramta abin da shari'a ba ta haramta ba. Amma idan gida dubu suka yi halal iri ɗaya a shekara goma, sakamakon zai zama daidai da na mai gora, har ya fi, tunda mai gora sheƙar bana kawai ya rusa. Ga ɓarna an yi, ga kuma kowa da hannunsa a wanke. Hukuncin ɗaiɗaikun ayyuka ba ya kama irin wannan, domin ba a aikin mutum ɗaya take ba.

Musulunci bai rasa abin da zai tari irin wannan ɓarna da shi ba, sai dai ba a babin haram da halal na mutum ɗaya yake ba. Yana cikin hurumi da wakafi. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, aka hana kowa mallakar wurin domin amfanin jama'a. Ƙasar Hausa ta san wannan a hurumin gari da burtali da makiyaya, wuraren da kowa zai so ya noma amma aka ce a bari. Dausayin Baturiya, wanda ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, hurumi ne da sabon suna. Haka ma yankin Haɗejiya da Nguru da Bade da UNESCO ta amince da shi a 2020 a matsayin wurin kiyaye halittu. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 370 a wannan yanki, kuma aya ta 38 ta Suratul An'am ta kira irinsu al'ummomi. Al'umma kuwa ba a kiyaye ta ta hanyar tausaya wa ɗaya ɗaya kawai.

Turkawan daular Usmaniyya sun kai abin wani mataki da ya kamata masu ginin masallatanmu su gani. A bangon Masallacin Ayazma da ke Uskudar a Istanbul, wanda Sarki Mustafa na Uku ya gina wajen 1760, akwai 'yan gidajen tsuntsaye da aka sassaƙa da dutse, da tagoginsu da barandarsu da ƙubbobinsu, an liƙa su can sama inda kyanwa ba ta kaiwa. Irinsu na nan a makarantu da masaukan fatake da gadoji. A Bursa har gidan jinyar shamuwar Turai aka yi a ƙarni na 19. Ba wanda ya ce musu wajibi ne. Sun ɗauke shi a matsayin sadaka, kuma suna da hujja: hadisin dashe da shuka, wanda ya ce duk abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga abin da Musulmi ya shuka sadaka ce gare shi. A ruwayar Muslim daga Jabir har abin da aka sace an lissafa. Manomin bai shuka don tsuntsu ba, amma an rubuta masa. Idan haka ne, maginin da ya bar kafa tsakanin azara shekara ɗari da suka wuce, tsattsewa ta yi ta ƙyanƙyasa a ciki, ba a cire masa rai da rabo ba. Bambancinsa da maginin yau shi ne shi kafar ta zo masa ne a cikin yanayin ginin, na yau kuwa sai ya yi niyya kafin ta samu. Abin da ya koma hannun niyya ya shiga lissafin ayyuka.

Bayan maganar cewa tsuntsu na Allah ne, akwai suka ta biyu, kuma ta fi ta farko nauyi. Gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? A yankin da mutane suka kwana a makarantun firamare saboda ruwa ya cinye musu ɗakuna, maganar ɗakin tsuntsu tana iya zama cin fuska. Sannan kalmar tsuntsu kanta ba ta da daɗin ji a kunnen manomin shinkafar Haɗejiya, domin jan-baki yake tunawa. Wannan ɗan tsuntsu, wanda ake ƙiyasta yawansa a Afirka da biliyan 1.5, yana sauka a gona kamar hadari. Yara na wuni a gona da gwangwanaye a igiya da majajjawa, muryoyinsu su dushe, wani lokaci kuma aikin wata huɗu ya tafi a 'yan kwanaki. Matsalar ta ƙaru ne da hannun mutum. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta canza: ambaliyar damina da ke shimfiɗuwa a fadama ta ragu, wasu magudanan kuma suka daina bushewa da rani. Ciyawar kachalla ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin jan-baki.

Shari'a ba ta hana manomi kare gonarsa ba, kuma tunkuɗe mai cutarwa sananne ne a fiƙihu. Amma feshin da ake yi da jirgin sama a makwancin jan-baki, wanda a ƙasashen Afirka da dama da maganin fenthion ake yi, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Yana kashe wasu tsuntsayen da ba ruwansu, yana kashe ƙwari, kuma ƙwarin nan su ne tuwon tsattsewa. A nan ne bulon Ingila ya haɗu da fadamar Haɗejiya. Baƙuwar da aka gina wa rami a Brighton ba gida take nema a Afirka ba, iska mai ƙwari take nema, irin wadda ke tashi a kan ruwan fadama da bayan saukar ruwan sama, lokacin da shinge ke fitowa. Wanda ya yi mata ɗaki a can da wanda ya bar mata dausayi a nan aiki ɗaya suke yi, ko da ba su san juna ba.

Game da gida da dawa kuwa, sukar za ta yi ƙarfi ne da a ce ana neman a ɗebi kuɗin marayu a gina wa tsuntsu bene. Abin da tsattsewar Haɗejiya ke bukata kusan duk bari ne, ba bayarwa ba. Bai rage wa kowa loma ba.

Masu son kare tsuntsaye sukan yi saurin cewa tsattsewa na cin sauro, don haka tana maganin zazzaɓin cizon sauro. Gara a yi hattara da wannan hujja. Tana cin ƙananan ƙwari masu tashi iri-iri, kuma ƙwallon abinci ɗaya da baƙuwar ke kai wa 'ya'yanta a maƙogwaro yakan ƙunshi ɗaruruwansu, amma sauron da ke cizon yaro a ɗaki da tsakar dare ba ya haɗuwa da ita. Wanda ya kafa haƙƙinta a kan amfaninta, ranar da aka nuna masa amfanin bai kai yadda ya ce ba haƙƙin ya faɗi. Shamuwa ta samu alfarma a ƙasar Hausa saboda tana zuwa da albishir ɗin damina. Tana sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta ɓata ƙasa da kashi, ba mai jifanta, yaro ma ya san za a yi masa faɗa. Wannan al'ada ce mai kyau, amma akwai ɗan ciniki a cikinta. Tsattsewa ba ta kawo albishir ɗin komai, ba ta da nama, ba ta da kirari. Mutumin da hadisi ya ce ya shayar da kare bai sa ran karen zai yi masa gadi ba, kuma da sahabbai suka yi mamakin a samu lada a kan dabba, amsar da aka ba su ta haɗe duk mai rai.

Saura maganar kashi, wadda ita ce ke sa ladan ɗaukar gora. "Malam, tsuntsayen nan sun gama da kafet," haka ƙorafin yake zuwa wa liman, kuma wanda ke shara kullum ya fi kowa gaskiya a kan wahalarsa. Sai dai a raba ƙazanta da najasa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Muktasar na Halil da ake karantawa a zaurukan malamanmu, kashin dabbar da ya halatta a ci namanta mai tsarki ne, in dai ba najasa take ci ba, kuma tsuntsaye na cikin abin da mashahurin zancen mazhabar ya halatta. Tsuntsuwar da abincinta ƙwarin iska ne ba ta ɓata wa kowa salla ba. Hanafawa ma sun kafa hujja da yadda Musulmi suka bar tantabaru a masallatai tun zamanin farko. Alhazan Jigawa sun gani da idonsu a Makka, inda ko firgita abin farauta ba a yarda ba, kuma tsattsewa na kewaya masallacin tana sheƙa a rufinsa. Abin da ya rage tsabta ce, ita kuwa faffaɗan katako ɗaya da kafinta zai kafa a ƙarƙashin sheƙun ya tare ta, a riƙa gogewa lokaci zuwa lokaci.

Idan aka tattara, hukuncin da ya fi kusa da nassoshin shi ne rusa sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya ba tare da larura ba laifi ne, barin wuri a sabon gini kuwa mustahabbi ne da ba a tilasta wa kowa. Amma mustahabbin da in kowa ya bar shi wata al'umma za ta rasa matsuguni ya wuce a bar shi ga son ran ɗaiɗaiku, kuma a nan ne masu iko suke da aiki. Masarautar Haɗejiya na da ƙananan hukumomi 8, kowace da makarantunta da asibitocinta da masallatan Juma'arta da gadojinta, kuma waɗannan gine-ginen jama'a su ne manyan unguwannin baƙar tsattsewa. Ba sa bukatar bulo daga waje. Baranda mai ɗan kaushi a kusurwar da bango ya haɗu da rufi ta ishe ta manna sheƙa, taga ɗaya ta sama da aka bari ba raga a zaure ko a sito ta ishi mai laka, kuma mai hawa giginya na iya barin ganyen da ya ga tsuntsuwa na shiga da fita a cikinsa ya sari na gefe. Hakimi ko dagaci da ya iya hana noma a burtali zai iya hana sare kowace doguwar giginya da goriba a hurumin garinsa. Takardar kwangilar fentin makaranta ko gyaran gada kuwa, wadda ke faɗin launin fenti da yawan shafawa, tana da wurin layi ɗaya da zai ce a duba sheƙun kafin a fara, a kewaye waɗanda ke da 'ya'ya, a dawo musu bayan makonnin da za su ɗauka kafin su tashi.